Labarin ruwa ya kamata ya riga ruwa isowa

A farkon watan Satumba na 2020 kawuna ya shiga kwalekwale domin ya je gonarsa. Gona ce da ya saba zuwa da ƙafa, ya naɗe wando zuwa gwiwa ya ratsa kwari, a fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Shinkafar ta riga ta yi ciki, wani gefen ma ta fara fitar da kai. Mai tuƙi ya kai shi daidai wata giginya da ya san ita ce iyakarsa da maƙwabcinsa, suka tsaya. Ko ganye ɗaya ba a gani. Ya zura gorar tuƙi cikin ruwan, ta nutse saura kaɗan. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce wa yaron su juya.

Da na je yi masa jaje bayan kwana biyu, na yi zaton maganar shinkafa zai yi mini. Bai ma taɓo ta ba. Cewa ya yi: "Ɗana, ruwa na Allah ne, ban da ja da shi. Amma da wani ya hwaɗa muna ko da kwana ukku kahin shi iso, da injin ban-ruwa da buhunan taki da ke bukka mun hidda su. Da geron rumbu bai jiƙa ba." Na ce, "Kawu, ba ku ji a rediyo ba?" Ya ce sun ji an ce za a yi ambaliya a jihar Kebbi, kamar yadda suka ji bara da bara waccan. Wace rana, ta wane gulbi, zai kai ina, wannan babu wanda ya faɗa.

Tun ranar maganar nan take raina. Asarar ambaliya iri biyu ce. Akwai wadda ba makawa: shinkafar da ke tsaye a fadama ba a tuge ta a gudu da ita. Akwai kuma wadda kwana biyu ko uku na sanarwa ke hanawa: injin, taki, hatsin rumbu, awaki, takardun makarantar yara, tsohuwar da ba ta iya tafiya da sauri, da rai. Kashi na biyun nan shi ne nake ganin alhakinsa yana wuyanmu, mu da hukumominmu, domin ruwan da ke cin Kebbi ba daga sama yake faɗo mana a dare ɗaya ba. Tafiya yake yi, kuma an san hanyarsa.

Gulbin Sakkwato yana tasowa ne daga wajajen Funtua, ya ratsa Gusau, ya shiga madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. Gulbin Rima yana biyowa ta madatsar Goronyo. Su biyun suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato, daga nan su gangaro mana ta Augie, Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, Suru. A hanya Gulbin Zamfara, wanda ya ratso Gummi da Jega, ya zubo nasa, Gulbin Ka ma ya kawo nasa, duk su tafi su faɗa Kwara. Ita kuwa Kwara ta nan jiharmu take shigowa Najeriya, ta ƙasar Bagudo, bayan ta wuce Yamai, ta nufi Yawuri da tafkin Kainji. Wato ruwan da aka yi a Katsina da Zamfara da Sakkwato da kudancin Nijar, kusan dukkansa a ƙofar gidanmu yake bi. Mu ne kwarin yankin. Shi ya sa muke da shinkafa da kifi da albasa, shi ya sa kuma idan Kwara ta cika ta ƙi karɓar abin da gulbinmu ya kawo mata, ruwan ya ja baya ya kwanta a gonakin Suru da Bagudo har makonni.

Mutumin da ke Goronyo ya ga an buɗe ƙofofin madatsa yau, ya san abin da zai sami mutumin Augie nan da 'yan kwanaki, tun mutumin Augie yana ganin rana tsaka a gonarsa. A Jidere Bode, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, akwai tashar auna tsayin Kwara wadda NIHSA, hukumar kula da yanayin koguna da ambaliya ta ƙasa, ke dogara da ita, kuma hukumar ƙasashen da ke raba kogin, mai hedkwata a Yamai, tana bin tsayinsa tun daga can sama. A Satumban 2020 ɗin nan ma'aunin Yamai ya kai santimita 700, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba kafin lokacin. Ruwan da ya kai wannan tsayi a Yamai babu inda zai je sai Gaya ta ƙasar Nijar, daga Gaya sai mu. An sani. Sanin yana cikin kwamfuta da takarda, da Turanci da Faransanci, kuma mutumin da ya fi kowa bukatarsa yana cikin bukka a fadama da ƙaramar wayarsa a aljihu.

Ba na cikin masu zagin madatsun nan. Bakolori an kammala ta a 1978, Goronyo a 1984, kuma dubban gidaje suna cin abinci da ruwan da suke riƙewa lokacin rani. Idan madatsa ta cika, dole a saki ruwa. Wanda ya ƙi saki yana neman abin da ya faru a madatsar Alau ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da ruwa ya shiga Maiduguri da dare. Mu ma a nan mun ga namu a Satumban 2010, da ruwan Goronyo ya ci garuruwa a Sakkwato da Kebbi, har ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abin da nake nema ga masu kula da madatsun ƙarami ne idan aka gwada da kuɗin ginin: su fara rage ruwa tun da wuri idan hasashe ya nuna damina mai nauyi, kuma duk ranar da za a ƙara buɗe ƙofa, a kira kowace ƙaramar hukuma da ke ƙasa da su, a faɗa da Hausa a gidajen rediyon Sakkwato da Kebbi a daren. Ya zama doka a rubuce, wadda jami'i zai amsa tambaya idan bai bi ta ba. Kada a bar shi ga kirkin wanda yake bakin aiki a ranar.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. NIHSA tana fitar da nata na ambaliya, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, kuma da wuya a karanta jerin babu Kebbi. Aiki ne na ilimi, ina girmama masu yin sa. Sai dai daga zauren taro a Abuja zuwa Tungar da ke bakin gulbi, saƙon yana ramewa a hanya har ya koma jimla ɗaya: "Ana shawartar mazauna bakin kogi su ƙaura zuwa tudu."

Wane tudun? Na wa? Wannan jimlar ita ce ta fi ci mini rai a duk lamarin. Manomi yana da mata biyu, 'ya'ya tara, uwa tsohuwa, shanun huɗa biyu, rumbu uku. Ka ce masa ya tashi a watan Yuli saboda ruwan da wataƙila zai zo a Agusta, wataƙila a Satumba, wataƙila ya tsallake garinsu bana. Wa zai yi masa noma? Wa zai tsare masa gida? A wasu sassan Zamfara da kudancin Kebbi, tudun da ake cewa a koma shi ne inda mutane suka gudo daga gare shi saboda 'yan bindiga. Fadama da bakin ruwa ne suka zame musu mafaka. Mutumin da aka faɗa wa abin da ba zai iya ba sau uku, a karo na huɗu ba zai saurara ba, ko da a ranar ne gaskiyar ta zo. Daga baya sai ka ji ana cewa talakawa ne da taurin kai.

Alhali kayan aikin isar da saƙon muna da su tun kafin a ƙirƙiri jihar a 1991. Ƙasar Kabi ƙasar ruwa ce tun zamanin Kanta. Garuruwan bakin gulbi suna da sarkin ruwa, kuma masunta sun san gulbin kamar tafin hannunsu: launin ruwa ya canza sun gani, kumfa da kara da kainuwa suka fara gangarowa sun san an yi ruwa mai yawa a sama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda dubban mutane ke jiran izini kafin ƙafa ɗaya ta taɓa ruwa. Mutanen da ake ji wa magana a kan ruwa suna nan da ransu. Muna da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, sarƙa ce da ba ta yanke ba. Da wannan sarƙar aka kai allurar shan-inna gida-gida har aka ci nasara. Muna da liman a kowace unguwa da lasifika a kan masallaci. Muna da sankira da mai shela.

Abin da nake so in gani shi ne a kafa turke mai fenti a mashayar kowane gari da ke kan gulbin, daga Augie har Yawuri, da zane uku a jikinsa: kore, rawaya, ja. A ba sarkin ruwa ko wani yaro mai karatu da ya amince da shi waya da ɗan kuɗin kati, safe da yamma ya duba ya faɗa wa garin da ke ƙasa da su da kuma ofishin ƙaramar hukuma. Kowane gari ya zauna tun bazara, da dagaci da liman da shugabar mata, a yanke: in ruwa ya taɓa rawaya, a kwashe hatsi da injuna da dabbobi zuwa wuri kaza, in ya taɓa ja, mata da yara da tsofaffi su tafi makarantar gari kaza, ga wanda zai buɗe ta, ga kwalekwalen da za su ɗauke su. Wurin da za a je a gyara shi tun rani, a haƙa masa rijiyar burtsatse, a yi masa bayan gida, domin abin da ke bin ambaliya a baya shi ne amai da gudawa da zazzaɓin sauro, kuma sau da yawa su ne ke ɗaukar yara bayan ruwan ya janye. Kuɗin wannan duka a ƙaramar hukuma ɗaya ba zai kai na tirelolin shinkafa da tabarmi da ake rabawa bayan an yi asara ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kowace shekara ranar muke neman wuƙa.

Ban raina kayan agaji ba. Wanda ya kwana a ajin firamare da jiƙaƙƙen zane ya san darajar bargo. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: rabon kaya yana da hoto, yana da taro, yana da godiya. Turke a mashaya da yashe magudana a watan Afrilu ba su da ko ɗaya, shi ya sa ba a rububinsu. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a asusun kula da muhalli na tarayya. Haƙƙin mutumin Suru ne ya ji, dalla-dalla, nawa ya shigo bana da sunan wannan asusu, kuma a kan me aka kashe shi kafin ruwan farko ya sauka.

Akwai kuma maganar da ta shafi noman kansa, wadda ba a cika yi ba. A watan Nuwamban 2015 a nan Kebbi shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa ƙananan manoma bashin noman shinkafa. Aka yi haɗin gwiwar shinkafar Lake Rice da jihar Legas, aka buɗe masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Sunan jihar ya tashi, kuɗi ya shigo ƙauye, wannan gaskiya ne kuma na yi murna da shi. Sai dai mun ƙara zuba dukiya cikin fadama ba tare da mun ƙara mata kariya ba. Kakanninmu suna shuka shinkafar gargajiya mai dogon kara wadda ke bin ruwa tana tsawo yayin da yake hauhawa. Ba ta bayar da yawa, amma da wuya a tashi hannu rabbana. Irin zamani gajere ne, yana ninka ta yabanya, amma in ruwa ya rufe shi 'yan kwanaki ya ruɓe. A 2020 an ƙiyasta shinkafar da ruwa ya ci a jihar nan ta kai hekta 450,000. Manomi ya rasa amfanin, bashin kuwa yana nan a kansa.

Tun 2017 aka fitar da irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda ke jure nutsewa na wajen mako biyu, kuma cibiyar binciken hatsi ta ƙasa tana da reshe a Birnin Kebbi. Mako biyu ba zai ceci gonar da ruwa ya kwanta mata wata guda ba, amma zai ceci da yawa da ke gefen fadama inda ruwan ke hawa ya sauka. Ka zaga kasuwannin ƙauye ka tambayi masu sayar da iri, za ka ga manoma nawa ne suka san da su. Shirin ganuwar Zauro, da aka tsara domin a killace fadamar da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi a sarrafa shigar ruwa, ya haura shekara hamsin ana ambatonsa, bai wuce ɗan filin gwaji ba. Ko ana son sa ko ba a so, domin akwai masunta da makiyaya da ke da hujjar tsoronsa, ya kamata a zauna da su a yanke magana ɗaya.

Mu ma talakawa muna da namu laifin, kuma ba zan tsallake shi ba. A Birnin Kebbi da Jega da Gusau mun sayi filaye a kan hanyar ruwa muna sane, mun cike kududdufan da iyayenmu suka bari da gangan domin su shanye ruwan unguwa, mun mayar da lambatu bola. Mun sare itatuwan bakin gulbi mun yi gawayi, ƙasa ta zaizaye ta cika cikin gulbin da yashi, ya zama ruwan da da can yake wucewa a cikinsa yanzu sai ya fantsama. Sai kuma jirgin ruwa. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane fiye da ɗari suka tafi. A Agustan 2024 ambaliya ta rushe dubban gidaje a Gummi, bayan wata ɗaya kuma jirgin da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife a can, aka yi asarar gommai. Lokacin cikar ruwa kowa na gaggawar ƙetarawa ya ceci abin da ya rage, mai jirgi na ganin ranar samunsa ce, babu rigar ruwa ko ɗaya a ciki. Nan ma sarkin ruwa ne ya kamata a ba ƙarfin doka: ya ƙirga, in jirgi ya cika ya ce ya isa, kuma hukuma ta tsaya a bayansa in wani ya yi masa tsaurin ido.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini a majalisa: abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Na yi imani da haka ɗari bisa ɗari. Amma Sayyidina Umar da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da mutanensa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kwashe gero zuwa tudu ƙaddara ce, kamar yadda barinsa ya jiƙe ƙaddara ce. Ina roƙon malamanmu su riƙa faɗin wannan a huɗubar watan Yuni, tun ana shuka, kada su jira ranar jana'iza.

Abin da ya sa nake gaggawar maganar shi ne daminar da muka sani tana canza hali. Iyayenmu sun sha farin shekarun 1973 da 1984, suka tashe mu da tsoron rashin ruwa. Yanzu ruwan ya dawo, amma da wata siffa: sai a yi kwanaki ba a ga ɗigo ba, sannan na mako biyu ya sauko a dare ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku a tsawon lokacin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iska in ta ƙara zafi tana ɗaukar tururi mai yawa, in ta tashi saki kuma sai ta saki gaba ɗaya. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin ƙasar nan, aka ce ba a ga irinta ba cikin shekaru arba'in. Shekara goma kacal bayan haka, a 2022, ta kashe fiye da 600.

Kuma mafi haɗarin lokaci shi ne ƙarshen marka, daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba. Ruwan farkon damina ƙasa ce ke shanye shi. Idan ta ƙoshi, tafkuna suka cika, madatsu suka kai wuya, to ko matsakaicin hadari ne ya taso daga gabas, duk abin da ya zubar gulbi zai nufa kai tsaye. Saboda haka wanda ya ga ruwa ya ɗan ja baya bayan cikar farko kada ya mayar da hatsinsa gida tukuna. Cika ta biyu takan fi ta farko ɓarna, domin ta tarar da katangun laka sun riga sun jiƙe har gindi, mutane kuma sun saki jiki. Duk gidan ƙasa da ruwa ya kwana a gindinsa, kada a kwana cikinsa daren da aka ga hadari, ko da tsakar gida ta bushe.

Ga gwamnati kuma, ranar da ruwa ya fara janyewa ita ce ranar fara shirin noman rani. Danshin da ambaliya ta bari da laka mai taki da ta shimfiɗa su ne kaɗai ribar da ke cikinta. Iri da taki da man injin in sun iso hannun manomi a Nuwamba, zai mayar da wani abu daga asararsa. In sun iso a Fabrairu, an ba shi ne kawai don a ce an bayar.

Kawuna bai jira kowa ba. Daminar da ta biyo baya ya samo lambar wani masunci da suka taɓa haɗuwa a kasuwa, mutumin wani gari sama da Augie, suka yi alkawari. Duk ranar da ruwa ya haura wani kututture a mashayarsu, sai ya kira shi. Shi kuma Kawu ya kafa gora a bakin kwarin da ke bayan gari, ya ɗaura mata tsumma a wurare biyu. Ran da wayar ta zo, bayan sallar isha'i ya miƙe a masallaci ya faɗa wa jama'a, da asuba aka ɗaura amalanke. Injuna bakwai suka hau tudu a ranar, da nasa a ciki, da rumbun wata gwauruwa da samari suka kwashe mata a buhuna. Ruwan ya iso a dare na uku.